Malama Damaris, An Kwashe Bencunan

Ranar Laraba, 18 ga watan Yuni, 2025, da hantsi, Malama Damaris Meshak ta yi barci cikin Ubangiji a wani asibiti a Kafanchan, bayan jinyar da ta kwantar da ita tun bayan Ista. Ta bar mijinta Meshak da 'ya'ya huɗu. Ta kuma bar 'yan aji huɗu na makarantar firamare ta ƙauyenmu, nan bayan Zonkwa, inda ta shekara ashirin da 'yan kai tana koyarwa. Labarin ya iske ni a ɗakin shan magani, ina wanke hannu bayan na karɓi haihuwar wata yarinya. Meshak ne ya bugo waya. Bai gaishe ni ba, bai yi kuka ba, abin da ya ce kawai shi ne, "Maman Lucia, ƙawarki ya tafi." Na kashe famfo, na nemi wuri na zauna, jaririyar tana ta tsala kuka a bayana.

Ni ce Rosemary Gershon, ungozomar ƙauyen nan, kuma wakiliyar iyaye mata a kwamitin gudanar da makarantarmu, inda marigayiya take wakiltar malamai. Ranar jana'iza an yi jawabai har rana ta juya. Fasto ya yi, hedimasta ya yi, dagaci ya yi. Ni ba a miƙo mini makirfo ba, kuma gara da ba a miƙo ba, don da na ɓata wa mutane taro. Shi ya sa na ɗauki biro. Malama, da ke nake magana, ke da kika saba saurarona ko raina a ɓace yake.

Kin tuna yadda kike tsokanata, wai ni da ke aiki ɗaya muke yi, ni in karɓe su ranar da suka zo duniya, ke ki karɓe su daga hannuna bayan shekara shida. Kikan ce in riƙa yi miki a hankali, ina cika miki aji alhali ba ki da inda za ki zaunar da su. Dariya muke yi, amma maganar wurin zaman nan ita ce ta ci miki rabin rayuwa.

Wanda ba ɗan yankinmu ba zai yi mamaki a ce benci ya zama abin rigima, don haka bari in yi masa bayani. A wurinmu rasuwa ba ta kwana ɗaya ba ce. Gawa takan yi mako ɗaya ko biyu a ɗakin ajiya ana jiran 'yan uwa daga Kaduna da Abuja da Legas, kuma duk tsawon kwanakin nan gidan a cike yake: dangi, surukai, zumuntar matan coci, mawaƙan coci 'yan kwaya, abokan aiki. Dole waɗannan mutane su zauna. Kujerun roba na haya sai mai hali. Bencunan coci ba a taɓa su, na Allah ne. Na makaranta kuwa ana ce musu na gwamnati, wato na kowa ne kuma ba mai su. Da an ji kuka ya tashi a wata unguwa, sai ka ga samari sun nufi makaranta, sun tashi yara tsaye ana tsakiyar darasi, sun kwashe bencuna a ka. Ranar binnewa kuma malamai duka su tafi, a rufe makaranta. In an gama, wani benci ya dawo ba ƙafa, wani ya dawo da tabon tukunya, wani kuma sai ka gan shi bayan shekara a ƙofar mai sayar da burkutu. Ga shi mu mutane ne da muka yi ta binne 'yan uwanmu a shekarun nan, na cuta da na hatsari da waɗanda aka kashe. Akwai zangon da yaranmu suka fi zama a ƙasa fiye da kan benci.

Ba wanda ya ɗauki wannan laifi. Ni ma da shi na tashi. Ke ce, baƙuwa daga wajen Gwantu da aure ya kawo mana, kika fara cewa wannan abu ba daidai ba ne.

Da aka ce kowace makaranta ta kafa kwamiti, a sa hedimasta da wakilin malamai da iyaye da wakilin dagaci da na coci su riƙa yanke shawara tare, yawancinmu mun ɗauka zaman suna ne, a sha lemo a watse. Abokan aikinki ma sun tura ki ne don ba mai son ɓata yammacinsa. Ba su san wadda suka tura ba. Ranar zaman farko kin roƙi kada a zauna a ofishin hedimasta, a zo ajinki. Muka shiga muka tarar da aji fayau, sai bulo biyu-uku da buhunan siminti a shimfiɗe. Ciyaman ɗinmu Baba Asher, tsohon soja mai ciwon gwiwa, ya tsaya yana waige-waige. Kika rusuna kika ce, "Sori Baba, bencunan suna gidan makoki. Ga buhu nan, a nan jikarka take zama." Tsohon nan ya dube ki, ya dubi buhun, ya dafa bango ya sauka a hankali har ƙasa. Da aka tashi sai da mutum biyu suka ɗaga shi.

Hedimastanmu Malam Justin mutumin kirki ne, ya ce shi zai iya hana kwasar bencunan da bakinsa gobe da safe. Kika ce a'a. Kika ce in shi ya hana, za a ce baƙo ya zo ya raina matattunmu, kuma ranar da aka yi masa canjin wurin aiki dokar ta bi shi. Gari ne zai ɗaure kansa da kansa, in ya so hedimasta ya riƙe igiyar. A lokacin na ga kamar kina tsawaita hanya ne. Daga baya na gane abin da kika hango, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai dai akwai wata matsala da ke kaɗai kika lura da ita. Mu matan kwamitin duka matan aure ne a garin nan, mazan da ke zaune kuwa surukanmu ne ko yayyen mazajenmu. Wace mace ce za ta ɗaga hannu ta saɓa wa surukinta yana kallonta? A gida muna ƙorafi, a wurin miting sai mu sunkuyar da kai mu ce duk abin da iyayenmu suka ce ya yi. Zama na gaba sai ga ki da ƙwarya da murfi, da masara a ƙulle a gefen zani, da wake a leda. Kika ba kowa ƙwaya ɗaya ta masara, ɗaya ta wake. Kika ajiye ƙwaryar a bayan ƙofa, kika ce kowa ya je shi kaɗai: mai son a bar wa yara bencunansu ya jefa masara, mai son a ci gaba yadda ake ya jefa wake. Wakilin dagaci ya ce wannan wasan yara ne. Baba Asher ya ce a bar malama ta yi wasanta. Aka juye ƙwaryar a kan tebur, masara ta fi wake da ƙwaya ɗaya tal.

Dokar ba mai tsanani ba ce, don ke ba ki da mugunta. Daga Litinin zuwa tashin makaranta ranar Juma'a, benci ba ya fita. Bayan nan mai makoki ya ɗauka, ya dawo da shi kafin a buga ƙararrawar Litinin. Ba a rufe makaranta don binnewa, malami ɗaya zai je a madadin saura. Shi ke nan. Amma sai ga shi mutane sun fara sa ranar binnewa Asabar. Sai ga yara suna yin mako cur suna karatu. Kina yawo da guduma da ƙusoshi a jakarki, inda sauran mata suke sa hoda, da an fita tara sai a ji ƙwanƙwasa daga aji huɗu. 'Yata Lucia, wadda ta kai aji uku ba ta iya haɗa baƙi ba, a hannunki bakinta ya buɗe. Yau tana makarantar koyon aikin jinya a Kafanchan, kuma da ta ji rasuwarki ta kwana biyu ba ta ci abinci ba.

Wasu sun ce zuciyarki dutse ce. Waɗannan ba su ga abin da na gani ba. Lokacin da aka kashe mijina Gershon a hanyar gona, gawar ba ta yadda za a ajiye ba ce, dole aka binne shi ranar Talata. Ni masara na jefa a ƙwarya, don haka ban nemi benci ba, ke ma ba ki yi mini tayi ba. Amma tun kafin a buga ƙararrawa na hango ki tafe da kujerar falonki a ka, 'ya'yanki a baya da sauran, har da tabarmin da kuke kwana a kai. Kika ajiye, kika rungume ni, kika wuce aji. Da aka tashi kika dawo kika ɗora tukunyar gwaten acca, kika zauna a ƙasa kusa da ni kina ba ni a baki kamar yarinya. Haka kika yi ta zuwa har na iya tashi da ƙafata. Kuma ba ni kaɗai ba. Kujerun falon nan naki babu gidan makokin da ba su shiga ba a garin nan, har Meshak yana cewa shi in yana son zama a kujerarsa sai ya tambayi inda aka yi rasuwa.

Jarrabawa mafi zafi ta zo miki daga cikin gida. Surukinki Baba Luke, mahaifin Meshak, dattijon ikilisiya, ya rasu, 'ya'yansa suka sa binnewa ranar Alhamis saboda manyan baƙi. Yayyen mijinki suka turo samari makaranta, suna ganin ai wannan karon ba magana, matarsu ce ke riƙe da ajin. Kika tsaya a bakin ƙofa da alli a hannu, idonki jawur don kin kwana kuka, mutumin nan ya riƙe ki kamar 'yar cikinsa. Kika ce musu, "Ku gaya wa yayyena ba ni na hana ba, kwamiti ne, kuma ni ba ni da ikon buɗewa. In na ba gidanmu yau, gobe da wane baki zan hana gidan wani?" Suka koma hannu wofi. Abin da ya biyo baya na sani, don a kafaɗata kika yi kukansa. An daina amsa gaisuwarki. In kin kai abinci a dawo miki da shi a rufe yadda kika kai. An ce baƙuwa ta tozarta gawar mai gida. Meshak bai iya faɗa da 'yan uwansa ba, amma bai taɓa ce miki kin yi laifi ba, kuma wannan ma Allah ya saka masa. Tun daga ranar ba wanda ya sake tunkarar makaranta da maganar benci a ranar karatu. Wanda ya so ya yi, sai a ce masa, wadda ta hana surukinta kai ne za ta ba?

Na je duba ki a Kafanchan ranar Lahadin ƙarshe. Kin rame, amma bakinki na nan. Kin ce abincin asibiti ba gishiri, in zo miki da gwate mai yakuwa. Kin tambaye ni ko Malama Bridget, yarinyar da aka ba riƙon ajinki, tana iya tsawata wa 'yan bencin baya. Ba ki yi maganar mutuwa ba, don ba ki ɗauka tafiya za ki yi ba. Da kin sani, na tabbata da kin bar wasiyya ko ta kalma ɗaya ce, da na sami abin riƙewa a gaban mutane. Ba ki bari ba, kuma abin da zan gaya miki yanzu ya fi rasuwarki ci mini rai.

Washegarin rasuwarki Baba Asher ya kira kwamiti. Ban taɓa ganin tsohon nan yana hawaye ba sai ranar. Ya miƙe da sandarsa ya ce, "Malama ya ba makarantan nan ransa. Yau shi ne a kwance, benci za mu hana shi? A rufe makaranta sai an binne shi. A kwashe duka a kai gidan." Ɗakin ya ɗauka da amin. Na ce, "Baba, a yi mini haƙuri, a sauko da ƙwarya." Ya dube ni kamar na zage shi, ya ce, "'Yata, yau ba ranan masara da wake ba ne. Wanda ya yarda ya ɗaga hannu." Hannuwa suka tashi. Matan da na san masara suka jefa a wancan karon, suka ɗaga. Malam Justin ya dubi ƙasa, ya ɗaga. Bridget, da aka kira ta zauna a gurbinki, tana kuka ta ɗaga. Na ce musu wannan shi ne abu ɗaya da marigayiya ba za ta so ba, na ce mun san abin da ta sha a kan gawar surukinta. Wata ta ja mini zani ta ce in ji tsoron Allah, gawarki ba ta ko huce ba.

Abin da ya hana ni barci shi ne, ba zan iya cewa mugunta suka yi ba. Ƙauna ce. Mu ba mu san wata hanyar nuna wa mutum ya isa ba sai mu cika gidansa da jama'a ranar da ba ya gani. Da ƙiyayya ce da na san yadda zan yi faɗa da ita. Amma yaya za ka yi da mutanen da suke rushe aikin mutum suna kuka, suna cewa girmama shi suke yi?

Ba samari suka kwashe ba wannan karon, Malama. Yaranki aka sa. 'Yan aji huɗu ne a gaba, cikin yunifom, biyu-biyu, benci a ka, suna waƙar coci har ƙofar gidanki, mutane suna cewa kai, abin ya yi kyau. Meshak yana Kafanchan wajen gawa, ya dawo ya tarar da tsakar gidansa a cike. Na same shi a bayan ɗaki na ce ya yi magana, shi mijinki ne, za a ji tasa. Ya ce, "Maman Lucia, in ce musu me? In ce su kwashe ƙaunansu su tafi?" Yayyensa, waɗanda suka shekara ba su ci abincinki ba, su ne suka fi kowa kai da kawowa wajen jera bencunan. Ko neman gafararki suke yi, ko ramuwa ce, Allah kaɗai ya sani, ni ban sani ba.

Aka binne ki ranar Alhamis, ranar karatu. Jama'a ta zo har daga Gwantu da Kasuwan Magani, tsofaffin ɗalibanki, zumuntar mata cikin zani iri ɗaya. Ni a tsaye na yi sujadar, wato taron addu'ar binnewar, daga farko har ƙarshe. Ana ta ce mini, Maman Lucia zauna mana, ga wuri. Na duba wurin da ake nuna mini sai na ga ƙusar da kika lanƙwasa da hannunki a ƙafar bencin, na kasa. Da yamma ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, kowa ya ruga ɗaki, aka bar bencunan a waje. Sun kwana a cikin ruwa, kuma ba kwana ɗaya ba.

Na yi ta gaya wa kaina ba komai, na Malama ne, daga shi ba ƙari, Litinin za su koma. Kafin Litinin ɗin wata tsohuwa ta rasu a unguwar gangare. 'Ya'yanta ba su ma je makaranta ba, gidanki suka zo da a-kori-kura suka loda bencunan daga nan. Baba Asher ya aika a tsayar da su. Babban ɗanta ya aiko masa da amsa cewa an ba gidan Malama, su uwarsu ba mutum ba ce? Tsohon ya bar su suka tafi da su. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma mu muka tsaga shi da hannunmu. Daga gidan tsohuwar bencunan suka wuce wani gida. Yanzu da nake wannan rubutu ban san takamaiman inda suke ba.

Shekaranjiya na bi ta makaranta. Na leƙa aji huɗu. Yaran suna zaune a ƙasa a kan buhunan siminti, littafi a cinya, daminar nan ƙasa duk danshi. Bridget tana gaban allo tana ƙoƙarinta, ta gan ni ta kawar da kai. Na shiga ofishin hedimasta, ƙwaryarki tana nan rataye a ƙusa inda kika bar ta. Na buɗe, ƙwari sun cinye masarar, sai gari.

Zan nemi a sauko da ita a zama na gaba, wannan alkawari ne. Zan kawo masara daga rumbuna. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, ban sa rai ba. Da kina raye, da bakinki da tsayin dakanki, ƙwaya ɗaya muka fi su da ita, kuma ke kika jefa ɗaya daga ciki. Yanzu ba ke. Bridget yarinya ce, kuma ɗan ƙanen Baba Asher take aure. Malam Justin ya kusa ritaya. Ni ungozoma ce, ba malama ba, in na yi magana sai a ce me ya haɗa ni da aji. Ina jin tsoro ƙwarai cewa abin da kika sha zagi da gaba a kansa shekara da shekaru, mun binne shi tare da ke ranar Alhamis ɗin nan, muna waƙa.

Ubangiji Allah, wanda ya ba mu ke kuma ya karɓe ki, ya yi miki jinƙai, ya gafarta miki kurakuranki, ya ba ki hutu a wurin Almasihu, ya zaunar da ke inda ba mai tashinki. Ina miƙa ta'aziyyata ga Meshak, Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya zama abokin hirarka a gidan da ya yi shiru. Ga 'ya'yanta huɗu, uwarku ba ta bar muku dukiya ba, ko kujerun falonta sun ƙare a hidimar mutane, amma ta bar muku sunan da ba za ku ji kunyarsa ba, Allah ya riƙe ku. Ga danginta na Gwantu, da surukanta, da malamai abokan aikinta, da zumuntar mata, Allah ya ba mu haƙuri duka. Mu kuma 'yan kwamiti, Allah ya gafarta mana.

Jaririyar nan da na karɓa da safen da kika tafi, iyayenta sun kai ta coci ranar Lahadi, sun sa mata suna Damaris. Kowa ya ce sun kyauta. Girmama matattu kam mun iya. Ubangiji ya raya ta, ya sa ranar da za ta shiga aji ta tarar da abin zama.